Wolseley a Ingila, Sagrenti a Kumasi

Bahaushe ya saba mutum ya ɗauki sunan garinsu ya rataya a bayan nasa. Haka aka sami Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma haka fataken da suka sauka Kumasi suka zama wane Katsina, wane Kano, wane Zazzau, don a san inda za a aika da labari idan ta Allah ta kasance a ƙasar baƙunci. Mutanen Ingila ma sun daɗe a kan wannan al'ada, domin sunayen zuriyarsu da yawa sunayen ƙauyuka ne. Amma da daularsu ta bunƙasa a ƙarni na 19 sai suka juya al'adar, ƙasa ta koma ɗaukar sunan mutum, galibi wanda ya ci ta da yaƙi ko wanda bai taɓa kwana a cikinta ba. Sunan Wolseley, wanda masu shi ke furtawa kamar Wulzli, ya bi hanyoyin nan biyu, ya kuma bi ta uku a bakin Tonawa, mutanen Asante, waɗanda suka ga abin da mai sunan ya yi wa birninsu a 1874. Abin da nake son kafawa shi ne, asalin kalma ba ya gaya mana ma'anar suna sai kaɗan. Ma'anar tana ga wanda ya raɗa shi, da dalilin raɗawar, da waɗanda aka bari babu suna a cikin labarin. Mutanen Zongon Kumasi kuwa suna da haƙƙi na musamman a wannan tambaya, domin yaƙin da ya ɗaukaka sunan Wolseley yana cikin abubuwan da suka haifar da Zongon kanta.

Asalin sunan ba shi da wani tsoro. Wolseley wuri ne a gundumar Stafford da ke tsakiyar Ingila, a bakin kogin Trent kusa da garin Rugeley, kuma yana cikin babban kundin ƙidayar filaye da Sarki William ya sa aka rubuta a 1086. Masana tsohon Turanci sun raba kalmar gida biyu: sunan wani mutum, Wulfsige, da wata kalma mai nufin sararin da aka share a cikin daji. Da a ƙasarmu ne da sai a ce Tungar Wulfsige ko Gidan Wulfsige, wato wani ya sari daji, ya kafa bukka, maƙwabta suka riƙa kiran wurin da sunansa har ya bi shi. Shi kansa sunan mutumin haɗin kyarkeci ne da nasara, irin sunayen jarumtaka da mutanen wancan zamani ke raɗa wa 'ya'yansu. Daga baya iyalin da suka mallaki filin suka ɗauki sunan wurin ya zama na zuriyarsu, suka kuma riƙe wani labari cewa wani sarkin Ingila na dauri ne ya ba kakansu ƙasar saboda ya kawar da kyarketai daga dajin. Labarin ya fi kama da ƙoƙarin bayyana suna bayan an manta da mai shi, kuma duk wanda ya san yadda gidajen sarauta ke gyara asalinsu ba zai yi mamaki ba. Abin da ke tabbas shi ne gidan ya daɗe ƙwarai a wurin, ya sami sarautar gado ta baronet a 1628, ya kuma riƙe filin har ƙarshen ƙarni na 20 kafin bashi ya raba su da shi. Yau hedkwatar wata ƙungiyar kare namun daji da tsirrai ta gundumar ce ke zaune a wurin.

Juyin farko ya faru ne a Ailan. Wani reshe na gidan ya tsallaka can a yaƙe-yaƙen ƙarni na 17, ɗaya daga cikinsu ya yi yaƙin Boyne na 1690 a ɓangaren Sarki William na Uku, zuriyar kuma ta mallaki fili a gundumar Carlow ta sa masa suna Dutsen Wolseley. Sunan da ya tashi daga ƙasa ya hau kan mutane, yanzu ya sauka daga mutane ya hau kan ƙasar wasu. Daga wannan reshe aka haifi Garnet Joseph Wolseley a kusa da Dublin a 1833. Gidan ubansa ba mai dukiya ba ne, saboda haka da yaƙi ya nemi matsayi: Bama a farkon shekarun 1850, Kirimiya inda ya rasa ganin ido ɗaya, Indiya a 1857, Sin a 1860, sai Kanada a 1870 inda ya jagoranci rundunar da aka tura Jan Kogi don rushe gwamnatin Louis Riel da mutanensa.

A watan Oktoba na 1873 ya sauka Cape Coast. Rigimar ta samo asali ne daga Elmina, tashar da Asante ke ɗauka a matsayin ƙofarta ta teku, wadda Holan ta miƙa wa Ingila a 1872 ba tare da la'akari da da'awar Kumasi ba. Asantehene Kofi Karikari ya tura runduna ƙarƙashin Amankwatia ta ƙetare kogin Pra a farkon 1873. Wolseley ya san zazzaɓi ya fi harsashi kashe Bature a wannan daji, don haka ya shirya yaƙin kamar ɗan kwangila: aka share hanya, aka kafa masaukai, aka ɗaura gada a kan Pra, sannan aka kawo sojan Turawa kimanin 2,500 a cikin rani da niyyar a fitar da su kafin damina. Aka gwabza a Amoafo ranar 31 ga Janairu 1874, ya shiga Kumasi da yammacin 4 ga Fabrairu, ya tarar sarki ya fice. Da ya ga sarkin ba zai zo ba, ga kuma ruwan sama ya fara, sai ya sa aka kwashe kayan fada, ranar 6 ga wata aka tarwatsa gidan dutsen sarki da albarushi, aka cinna wa birnin wuta. Yarjejeniyar Fomena da ta biyo baya ta ɗora wa Asante tarar oza 50,000 ta zinariya, ta kuma tilasta mata sakin Elmina da ƙasashen kudu. Majalisar Ingila ta ba Wolseley kyautar fam 25,000. Manyan 'yan jarida irin su Henry Morton Stanley suna tare da rundunar, saboda haka kafin toka ta huce a Kumasi sunansa ya shiga kowane gida a Ingila.

A nan ne Bahaushe ya shigo labarin, kuma ya shigo ta ƙofa biyu. Musulmi sun riga Turawa zama a Kumasi. Wakilan Ingila biyu, Bowdich a 1817 da Dupuis a 1820, duk sun tarar da malamai daga arewa a kusa da fada, suna rubuta wa sarki wasiƙu da Larabci, suna yi wa mayaƙa layu da ake ɗinkawa a jikin rigunan yaƙi. Wutar 6 ga Fabrairu ba ta tambayi gidan wa take ci ba. A ɗaya ɓangaren kuma, ƙananan igwogin da suka buɗe wa sojan Turawa hanya a Amoafo, waɗanda Kyaftin Rait ya horar da masu harba su, Hausawa ne ke riƙe da su. Kyaftin John Glover, wanda tun 1863 ya fara tara dakarun Hausa a Ikko, da yawansu bayi da suka gudo daga iyayengijinsu, ya taso da tasa rundunar ta wajen kogin Volta ya biyo ta gabas. Ya iso Kumasi kwanaki kaɗan bayan Wolseley ya juya, ya tarar da kufai, amma labarin tahowarsa na cikin abin da ya sa Kofi Karikari ya gaggauta aika manzanni da kashin farko na zinariya zuwa Fomena. An saka wa Glover da muƙamin gwamnan Newfoundland, har yau kuma akwai gari mai suna Glovertown a can, akwai zaure da titi masu sunansa a Ikko. Mutanen da suka ja igwa a cikin laka, rahotannin yaƙin sun fi kiransu a dunƙule da Hausawan Rait ko Hausawan Glover, sunan kabilarsu a jingine da sunan Baturen da ke ba su umarni. Ko sunan kabilar ma ba daidai yake ba ko da yaushe, domin da tafiya ta yi nisa duk ɗan arewan da ya sa kaki ya ji umarni da Hausa, Bagurunshe ne ko Bamoshe ko Bazabarme, Bahaushe ne a takardar Bature.

Shi kuwa sunan Wolseley sai ya shiga yawo. Bayan Kumasi aka tura shi Kubrus a 1878, sai ƙasar Zulu a 1879 inda mutanensa suka kama Sarki Cetshwayo, sai Masar inda ya karya rundunar Ahmad Urabi a Tel el-Kebir a watan Satumba na 1882. Da aka ba shi sarautar Lod a wannan shekara, laƙabin da aka rubuta masa shi ne na Alƙahira da na Wolseley ta gundumar Stafford. A duba wannan haɗi da kyau. Rabin laƙabin na cewa ga inda kakannina suka fito, ɗaya rabin na cewa ga birnin da na ci. A zahiri ya yi kama da al'adarmu ta rataya sunan gari, amma Bakano da ya ce shi wane Kano yana shaida cewa Kano ce ta haife shi, Lod na Alƙahira kuwa ganima ya rataya, kamar yadda Lod Kitchener ya rataya Khartum daga baya. Sannan garuruwa suka fara karɓar sunan. Akwai Wolseley a lardin Saskatchewan na Kanada a kan layin dogon da ya ratsa ƙasar, akwai unguwar Wolseley a birnin Winnipeg, akwai barikin soja mai sunan a Ontario, akwai Wolseley a yammacin lardin Kef na Afirka ta Kudu, akwai wata a Kudancin Ostareliya. Babu ɗaya daga cikinsu da Garnet ya sari dajinta ko ya haƙa rijiyarta, kuma kowacce tana kan ƙasar da ke da masu ita da sunayen da suke kiranta kafin zuwan Bature. Malafar nan mai faɗi da jami'an mulkin mallaka ke sawa a ƙasashen zafi, wani samfurinta ma da sunansa ake kira, kuma a wani zamani idan Baturen Ingila na son cewa komai ya yi daidai, sai ya ce komai Sir Garnet ne.

Mai musu zai ce an ɗora wa suna kayan da ba nasa ba. Zai kawo hujjar ƙanen Garnet, Frederick Wolseley, wanda ya tafi Ostareliya ya ƙera injin askin tumaki, ya kafa kamfani a Sydney a 1887. A wannan kamfani ne wani ma'aikaci mai suna Herbert Austin ya ƙera motocinsa na farko a tsakiyar shekarun 1890, daga nan aka sami motar Wolseley da 'yan sandan Ingila suka daɗe suna hawa, har aka daina sa wa mota sunan a 1975. Wani reshen kamfanin ya zama babban dillalin kayan famfo, tsohon ɗakin baje motocin da ke titin Piccadilly a Landan kuma ya zama gidan cin abinci na masu hali. Wanda ya sayi bututu ko ya sha shayi a ƙarƙashin wannan suna, me ya haɗa shi da Kumasi? Manomin alkama a Saskatchewan ma, idan ya ce shi ɗan Wolseley ne, garinsu yake nufi, ba janar ba. Wannan magana tana da gaskiya, kuma ban ga dalilin a ɗora wa mai askin tumaki zunubin wansa ba. Amma ita ce ma ke nuna yadda raɗin suna irin na daula ke aiki. Ana sa shi ne don ya daɗe har ya zama ba a jin nauyinsa, jikoki su gaje shi kamar yadda suka gaji kogi da dutse, a daina tambayar wa ya sa shi da abin da ya maye. Shi ya sa a shekarun nan wasu mazauna Winnipeg, musamman zuriyar mutanen Riel, suka tashi suna neman a sake duba sunan a kan titi da makaranta. Su ba su taɓa daina jin nauyinsa ba.

Tonawa sun yi nasu raɗin, kuma a ganina ya fi na Landan faɗin gaskiya. Ba su riƙe Wolseley ba. Sun ɗauki laƙabin girmamawa da sunan yanka, Sir Garnet, suka murɗa su a harshensu suka zama Sagrenti, suka kuma sa wa yaƙin sunan, ba gari ko titi ba. Har yau ɗan makaranta a Gana yana karanta Yaƙin Sagrenti. Da wannan suka ajiye zuriyar Stafford da tarihinta na ɗaruruwan shekaru a gefe, suka kama mutum ɗaya suka ɗaure shi da aikinsa. Duk wanda ya furta Wolseley a Kanada yana iya mantawa da wuta, amma babu mai furta Sagrenti a Kumasi ya manta da ita, domin sunan ba shi da wata ma'ana sai ita. Bahaushe ya san irin wannan murɗiya. Lugard ya raɗa wa sabuwar tashar jirgin ruwa sunan sakataren mulkin mallaka Lewis Harcourt a 1913, bakin Bahaushe ya mai da ita Fatakwal, har sunan mutumin ya narke babu mai jin sa. Bambancin shi ne Fatakwal ta shafe mutumin, Sagrenti kuwa ta tsare shi a wurin da ya yi aika-aikar.

Dangantakar wannan yaƙi da Zongo ta bi ta hanyar goro. Kafin 1874 Asante ce ke riƙe da kasuwar, kuma tun zamanin Asantehene Kwaku Dua na Ɗaya ta taƙaita shigar fataken arewa cikin ƙasarta. Ayarin Kano da Sakkwato da Borno kan tsaya a Salaga ta ƙasar Gwanja, a can ake musayar goro da tufafi da kanwa da dabbobi da bayi, a ƙarƙashin idon wakilan Kumasi. Da labarin ƙone birnin ya kai arewa, sai ƙasashen da ke biyan Asante haraji suka balle, aka karkashe Tonawan da ke Salaga, hanyar goro ta toshe. Kofi Karikari ya rasa gadon sarauta a 1874. Ciniki ya karkata zuwa Kintampo da wasu kasuwanni, Salaga ta yi ta ja da baya har yaƙin basasar 1892 ya watsa mazaunanta, malamai irin su Alhaji Umaru suka koma Kete Krachi. A Janairu 1896 Turawa suka sake shiga Kumasi suka kama Asantehene Prempeh na Ɗaya, a 1900 kuma Gwamna Hodgson ya nemi a kawo masa Kujerar Zinariya ta Asante, Yaa Asantewaa ta tayar da yaƙi, aka tsare Turawa da sojojinsu na Hausa a cikin ganuwar da ke tsakiyar gari har kwamandan Turawa Willcocks ya kawo ɗauki a watan Yuli. A duka shekarun biyu Wolseley ne babban kwamandan sojan Ingila, muƙamin da ya riƙe daga 1895 zuwa 1900. Da Asante ta faɗa hannun Ingila baki ɗaya a farkon 1902, jirgin ƙasa kuma ya iso daga Sekondi a 1903, shingen da ya tsare fatake a arewa ya faɗi. Masu goro da masu shanu da malamai da sojojin da aka sallama suka taru a gefen birnin, Turawa suka naɗa musu shugabanni, aka sami sarautar Sarkin Zongo wadda mutane irin su Malam Sallau Katsina suka riƙe. Ba na cewa Wolseley ne ya kafa Zongo. Guminta na waɗanda suka gina ta ne. Amma ƙofar da suka shigo ta cikinta, a 1874 aka fara ɓalle ta.

Wannan ne ke kawo musu na biyu, wanda ya fi na farko nauyi. Za a ce, in haka ne ai mutanen Zongo riba suka ci, kakanninsu sun harba igwar Bature, sun kuma gaji kasuwar da faɗuwar Asante ta buɗe, da wane baki za su soki Sagrenti? Za a ƙara da cewa Asante ba daular tausayi ba ce: tana karɓar bayi daga arewa a matsayin haraji, ana kashe mutane a jana'izar manya, yarjejeniyar Fomena ma ta nemi sarki ya hana wannan, kuma a ƙarshen 1874 ne aka kafa dokar soke bauta a yankin bakin teku da Ingila ke mulka. Duk wannan gaskiya ne, kuma ɗan Zongo, wanda wataƙila a cikin kakanninsa akwai wanda aka kora kudu da igiya a wuya, shi ne na ƙarshe da ya kamata ya yi wa tsohuwar daular kwalliya. Sai dai abin da ya kawo rundunar shi ne Elmina da ikon bakin teku, abin da ta nema a rubuce shi ne zinariya, abin da ta tafi da shi kuma kayan fada ne da aka yi gwanjonsu a Cape Coast da Landan. Zaluncin wanda aka ci da yaƙi ba ya mai da ƙone gari aikin alheri. Batun riba kuwa, shi ne ma ya wajabta maganar. Al'ummar da ke da hannu a ɓangarori biyu na yaƙi, malaminta na rubuta laya a wannan sansani, ɗanta na cusa albarushi a wancan, ita ta fi kowa buƙatar ta san labarin dalla-dalla, don kada wasu su ba da shi a madadinta su zaɓi rabin da ya yi musu daɗi. An daɗe ana jifan mutanen Zongo da cewa Bature ne ya kawo su. Amsar ba musun 1896 da 1900 ba ce, amsar ita ce a ajiye su kusa da 1817, a nuna cewa Musulmin arewa na zaune a Kumasi shekaru da dama kafin a haifi Garnet.

Saura musu na uku, cewa mu ma muna sa wa wurare sunayen mutane. Haka ne. Akwai Malam Madori a Jigawa, akwai tunga da gida da unguwa masu sunan wane ba iyaka, a Ankara ma ba a raba Sabon Zongo da sunan Malam Bako da ya kafa ta. Amma waɗannan 'yan'uwan Wulfsige ne, ba na Garnet ba. Mutum ya sauka, ya share, ya zauna, ya karɓi baƙi, aka binne shi a wurin, maƙwabta ne kuma suka raɗa sunan ba wata hukuma daga nesa ba. Sunayen unguwannin Zongon Kumasi ma suna faɗin yadda aka zauna. Aboabo da Asawase sunaye ne na Tonawa da baƙi suka tarar suka bari yadda suke, wanda ladabi ne ga masu ƙasa. Sabon Zongon Kumasi na tuna ƙaurar da aka yi bayan annobar 1924. Moshi Zongo na faɗin mutanen da suka taru a wurin. Yalwa da Sawaba kuwa fata ne da addu'a na mutanen da suka baro gida suna neman sauƙi. Ko ɗaya babu mai da'awar cin wani da yaƙi.

Abin da ke damuna shi ne yadda tarihi ya saka wa al'adun biyu. Stewart da Fuller da Harper, jami'an da suka mulki Asante bayan faɗuwarta, sun bar sunayensu a kan titunan tsakiyar Kumasi, mutane na bi suna faɗa babu mai tambayarsu takardar zama. Amma sunan garin da Bahaushe ya rataya don girmama asalinsa ya zama abin tuhuma. A 1957, watanni kaɗan bayan samun 'yancin kai, gwamnatin Nkrumah ta kori Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Lardan, manyan Zongon Kumasi masu goyon bayan 'yan adawa, zuwa Najeriya. Da suka kai ƙara suna cewa su 'yan ƙasa ne, majalisa ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu don ta yanke shari'ar. A Nuwamba 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, dubban ɗaruruwa suka bar Gana, ciki har da waɗanda a nan aka yanke musu cibiya. Har yau matasan Zongo na kukan cewa a wajen neman fasfo ko katin ɗan ƙasa sunansu kaɗai kan jawo musu tambayoyin da ba a yi wa wasu. Zuriyar da ta shekara fiye da 100 a Zongo ana iya ce mata ta kawo shaida, alhali sunan jami'in da ya yi 'yan shekaru ya koma ƙasarsu ya zama ɗan gari.

A 2024, shekara 150 bayan wutar, wasu daga cikin kayan fada suka dawo Kumasi. Gidan tarihi na Fowler da ke Amurka ya mayar da guda 7 baki ɗaya, manyan gidajen tarihi biyu na Landan kuma suka kawo guda 32 a matsayin aro, aka baje su a gidan tarihin fadar Manhyia a zamanin Asantehene Otumfuo Osei Tutu na Biyu. Masarautar Asante ta iya yin wannan ne domin ta riƙe lissafinta, ta san abin da aka ɗauka, da ranar, da wanda ya ɗauka. Zongo ba ta da zinariya a Landan, abin da ya ɓace mata sunaye ne: madugan da suka fara sauke kaya, matan da suka riƙe gidajen baƙi da kasuwar abinci, malaman da suka buɗe makarantun allo, limaman farko, har da sojojin da aka rubuta a dunƙule. Da yawa suna nan a bakin tsofaffi da cikin takardun ajami da ke ajiye a gidajen malamai. Tun 2013 gwamnatin Gana ta umarci hukumomin gundumomi su sa wa tituna suna, kuma Aboabo da Asawase da Sawaba suna ƙarƙashin hukumar Asokore Mampong da aka kafa a 2012, wadda wakilan unguwannin ke zama a cikinta. Fadar Sarkin Zongo da limamai da shugabannin kabilu na iya tattara waɗannan sunaye unguwa-unguwa, a tantance wanda ya sari wurin da wanda ya zauna ya yi wa jama'a aiki a cikinsa, a miƙa wa hukumar a rubuce kafin a buga allunan lungunan da suka rage.